Samari biyu masu farar riga sun ƙi shan shayina, wai su 'yan Mormon ne

Ɗan Agege:
Salam jama'ar gida. Dan Allah ina da tambaya ga masu sani. Jiya bayan la'asar ina zaune a shago wasu samari biyu suka shigo neman caja, farar riga da nektai, baƙin wando, kowa da ɗan baƙin allo maƙale a ƙirji an rubuta Elder wane. Ni da farko na ɗauka sunan yanka ne, nace ikon Allah ɗaya ɗan Gana ɗaya ɗan Akwa Ibom amma suna ɗaya. Hira tayi daɗi har na aiki yaro wajen mai shayi ya haɗo musu, kawai suka ce addininsu ya hana shan shayi. SHAYI fa jama'a. Nace to ku wane coci ne, suka jero wani dogon suna, daga ƙarshe dai suka ce mutane na ce musu Mormon. Wai ba giya, ba taba, ba neman mata, suna azumi, suna fidda zakka, kuma annabinsu mala'ika ne ya nuna masa littafi. Sun ma bar min littafin, wani shuɗi, sun ce zasu dawo ran Alhamis. Su waye waɗannan? Kiristoci ne ko kuwa wani abu ne tsakaninmu da Kiristoci?

Sarkin Zolaya:
Addinin da ya hana shayi ai ya kori kansa daga Arewa tun bai shigo ba 😂

Abu Sumayya:
Ka mayar musu da littafinsu ran Alhamis ɗin ka sallame su. Duk wanda yace an yi annabi bayan Manzon Allah SAW magana ta ƙare, meye na bincike kuma.

Baban Khalifa:
Abu Sumayya a hankali, bai ce zai shiga ba, tambaya yayi. Ɗan Agege ƙanena bari in baka abinda na sani amma kayi haƙuri zai ɗan yi tsawo, ka san halin malamin makaranta.

Wanda ya kafa abin sunansa Joseph Smith, haihuwar 1805, ɗan talakawan manoma da suka koma wani gari Palmyra a jihar New York ta Amurka. A lokacin yankin ya cika da masu wa'azi, kowace ɗariƙar Kirista ta kafa rumfa tana cewa ita ce kan gaskiya, har a gidansu kai ya rabu, uwar ta bi wani coci uban kuma yaƙi bin kowa. Shi yace yana ɗan shekara 14 ya shiga kurmi yayi addu'a a nuna masa wanne ne daidai, sai wai ya ga Uba da Ɗa ido da ido suka ce kar ya shiga ko ɗaya. A 1823 kuma yace wani mala'ika Moroni ya nuna masa allunan zinariya binne a wani tudu kusa da gidansu, sai 1827 aka bashi su. Rubutun ciki wai wani irin rubutun Masar ne, shi kuwa karatunsa bai taka kara ya karya ba, to ya akayi fassara? Waɗanda suka zauna dashi har da matarsa Emma sun ce wani dutse yake sawa cikin malafa ya kifa fuskarsa a ciki, yana faɗa ana rubutawa. Dama kafin nan da irin dutsen yake yiwa mutane duban dukiyar da aka binne a ƙasa, har an kai shi gaban alƙali kan haka a 1826. Da aka gama yace mala'ikan ya karɓi allunansa.

Buɗe farkon littafin da suka baka zaka ga mutum 11 sun shaida sun ga allunan. Takwas daga cikinsu 'yan gida biyu ne, gidan Smith da gidan Whitmer. Amma a yi adalci, da dama sun ɓata da Smith daga baya sun bar cocin kuma basu janye shaidar ba, wannan shine abinda 'yan Mormon ke riƙewa gam. An buga littafin 1830, kwafi 5000, wani manomi Martin Harris ne ya jinginar da gonarsa aka biya maɗaba'a. Ranar 6 ga Afrilu na shekarar aka kafa cocin.

Labarin ciki kuwa wai wani Lehi ne ya fita daga Ƙudus da iyalinsa wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa AS, suka ƙetare teku zuwa Amurka, zuriyarsa ta rabu biyu suna ta yaƙi, kuma wai Isa ya ziyarce su can. Mormon ɗin sunan wanda suka ce ya tattara tarihin ne, uban Moroni. Masu tonon kayan tarihi da ba 'yan cocin ba basu yarda da labarin ba, littafin yana maganar dawakai da takubban ƙarfe a zamanin da babu su a Amurka, gwajin jini kuma ya nuna asalin jajayen Indiyawan daga Asiya ne.

Ɗan Agege:
Tab. Malam Allah ya ƙara sani. Na duba wlh ga sunayen nan, Whitmer Whitmer Whitmer kamar rajistar gida ɗaya.

Ɗan Wusasa:
Bari in sa baki tunda an tambaya ko Kiristoci ne, ni Kirista ne gaba da baya. Su suna cewa su Kiristoci ne, sunan Yesu Almasihu ma yana cikin sunan cocin, cikakken sunan shine Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, kuma suna karanta Littafi Mai Tsarki. Amma kusan duk manyan ɗariƙunmu basa lissafa su a cikinmu. Fadar Paparoma a 2001 ta fito fili tace baftismarsu bata karɓu ba, wanda ya bar su ya dawo Katolika sai an sake masa, alhali ɗan Angilika ba'a sake masa.

Dalili? Sun ce Allah Uba yana da jiki na nama da ƙashi kamar ni da kai. Sun ce Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki uku ne daban daban, manufarsu ce kawai ɗaya. Smith a wani wa'azi da yayi 1844 dab da mutuwarsa cewa yayi Allah ma da can mutum ne ya ɗaukaka, kuma mutum in ya cika sharuɗɗa zai ɗaukaka ya zama kamarsa. Har Uwa ta sama suna da ita a koyarwarsu ko da yake basa yi mata addu'a. Sannan sun ƙara littattafai uku kan Littafi Mai Tsarki. To ɗan'uwa ina Kiristancin da muka sani a nan? Suna kawai muka haɗa.

Abu Sumayya:
Subhanallah. Jiki na nama da ƙashi? Ɗan Agege kaji waɗanda kake cewa ko suna tsakaninmu da Kiristoci.

Baban Khalifa:
A nan kam na bi bayanka Abu Sumayya. Kamannin da ƙanenmu ya gani na zahiri ne, barin giya da azumi da kamun kai. In aka zo tauhidi sun fi Ɗan Wusasa nisa da mu nesa ba kusa ba, don shi ko mun saɓa kan Triniti zai ce maka Allah ɗaya ne, bashi da farko, ba'a halicce shi ba. Amma ba kai ka fara ganin kamannin ba. Tun ƙarni na 19 maƙiyan Smith a Amurka suke kwatanta shi da Musulunci don su ɓata shi, annabi da mala'ika da sabon littafi da hijira da mata da yawa, zagi biyu a jifa ɗaya kenan, su da mu. Richard Burton, Baturen Ingilan nan da ya ɓad da kama ya shiga Makka 1853, har Salt Lake, hedkwatar 'yan Mormon, yaje a 1860 don ya ga wannan birnin da idonsa.

In kana son misali na kusa, yadda Kirista ke kallon ɗan Mormon kusan yadda muke kallon ɗan Ƙadiyaniyya ne. Yana cewa shi naka ne, yana karanta littafinka, amma ya ƙaro annabi.

Ɗan Wusasa:
Malam misalin nan ya zauna daram.

Maman Nana:
Sallama. Tun ɗazu nake karantawa ina dariyar maganar shayi. Ni a Salt Lake nake a jihar Yuta, shekara uku kenan maigida yana karatu, maƙwabtana hagu da dama su ne. Yaya Ɗan Agege gaskiya suka faɗa maka, shayi da kofi duka haramun ne a wajensu, dokar tun 1833 take. Amma lemo? Hmm. Akwai shaguna na lemo zalla da ake layi da mota, a zuba lemon kwalba a ƙara madara da kayan zaƙi a kofi kamar bokiti, su sha su ce Alhamdulillahi basu sha shayi ba 😂

Zama dasu dai in faɗi gaskiya ban ga na biyunsu a nan ba. Da na haifi Nana bani da kowa, ba uwa ba ƙanwa ba mai yi min ruwan jego, matan unguwar nan suka tsara kansu kullum da mai kawo abinci har sati biyu, ɗaya har tambayata tayi me da me bama ci ta rubuta a takarda. Ƙungiyar matansu ce ke tsara irin wannan, tun 1842 take. Limaman unguwa basa karɓar albashi, wanda suke kira bishop a unguwarmu likitan haƙori ne, yayi wasu shekaru a sauke shi a ɗora wani. Azuminsu Lahadin farko na kowane wata ne, su bar ci sau biyu su bada kuɗin abincin ga mabuƙata. Zakkarsu kuma kashi 10 cikin 100 na abinda mutum ya samu, ba wasa. Suna son 'ya'ya, kuma kusan kowane gida da rumbun ajiyar abinci na watanni saboda ɓacin rana, wannan ya tuna min da kakata.

Amma fa akwai ɗaya gefen. Alherin sau da yawa gayyata na biye dashi, yau a kawo biredi gobe ace ko yara zasu zo wasan coci. Ni da nace musu a'a sau biyu sun daina kuma basu canza min fuska ba. Wanda abin ke yiwa zafi shine ɗansu da ya fita, na san wata da ta bar cocin tace ba wanda ya zage ta amma an daina kiranta komai, kamar ta mutu da rai. Kuma in ɗiyarka zatayi aure a haikali kai ba ɗan coci bane ko baka da takardar izini, a waje zaka tsaya. Cocin unguwa kowa na iya shiga, haikali kuwa sai wanda aka yiwa tambayoyi aka tabbatar yana biyan zakka yana kiyaye dokoki.

Garin kansa titunan daga haikali ake ƙirga su, kaza kudu kaza gabas. Amma yanzu a gundumar Salt Lake ɗin sun gaza rabi, akwai masallatai, akwai 'yan Somaliya da yawa, nama halal ba wuya.

Sarkin Zolaya:
Anti me ake yi a cikin haikalin da ake ɓoyewa haka?

Maman Nana:
Ban taɓa shiga ba ai sai abinda suka faɗa min. Ɗaurin aure na har abada, wai ba mutuwa ke raba ba, miji da mata da 'ya'ya an ɗaure su har lahira. Sai baftisma a madadin matattu, kai mai rai a tsoma ka a ruwa da sunan kakanka da ya mutu bai ji saƙon ba, shi kuma a can ya zaɓa ko ya karɓa ko yaƙi. Shi yasa suka fi kowa haƙilon tara asalin mutane, suna da wata ma'ajiya da aka fafe cikin dutse kusa da nan cike da hotunan takardun haihuwa da mutuwa na duniya, shafin FamilySearch ma nasu ne. Har Gana da Najeriya suna tura mutane ƙauyuka suna naɗar salsala daga bakin tsofaffi.

Sarkin Zolaya:
Kai! Wato ana iya tsoma wani a Amurka da sunan kakana Malam Na Allah yana kwance a Gwammaja bai sani ba 😭

Ɗan Wusasa:
Kana wasa amma Yahudawa sun yi rigima sosai kan wannan da aka gano ana yi da sunayen waɗanda Hitler ya kashe, har aka yi yarjejeniya 1995 cewa za'a daina.

Uwargida Sarautar Mata:
Ni tambayata ɗaya, ba su bane masu auren mata goma sha? Na gani a talabijin.

Baban Khalifa:
Hajiya da can ne. Nan ma labarin yake da daɗi. Smith a ɓoye ya fara, cocin da kansa a 2014 ya yarda ya auri mata tsakanin 30 zuwa 40, wasu matan aure ne da mazajensu a raye, ɗaya 'yar shekara 14. Emma bata taɓa kwantar da hankali da abin ba. Kuma shi ya jawo ajalinsa. Dama an kore su daga Ohayo bayan bankin da ya kafa ya rushe a 1837, an kore su daga Misuri inda gwamna Boggs a 1838 ya sa hannu kan umarnin a kore su ko a ƙarar dasu, kwana uku bayan nan aka kashe musu mutum 17 a wani wajen niƙa. Umarnin nan sai 1976 aka soke shi a hukumance. Suka gina gari nasu Nauvoo a Ilinoi, Smith ya zama shine annabi shine magajin gari shine janar na dakarun garin, har takarar shugaban Amurka ya fito 1844. Wasu na kusa dashi da suka ɓalle suka buga jarida suka tona maganar matan, fitowa ɗaya tayi yasa aka farfasa injin. Aka kama shi, ranar 27 ga Yuni 1844 gungun mutane suka afka kurkukun Carthage suka harbe shi da yayansa Hyrum. Shekararsa 38.

Brigham Young da ya gaji Smith ya kwashi mafi yawansu suka nausa yamma da keken shanu, wasu daga baya da kura suke turawa da hannu, suka isa kwarin Salt Lake 24 ga Yuli 1847, lokacin ma wajen na Meziko ne. Can suka fito da auren fili a 1852, shi Young mata sama da 50. Kuma kar a ɗauka su kullum ake zalunta, a 1857 mutanensu suka yiwa ayarin matafiya kisan gilla a Mountain Meadows, wajen mutum 120, ƙananan yara kawai aka bari. Mutum ɗaya tak aka kashe kan laifin bayan shekara 20.

Gwamnatin Amurka ta sako su gaba kan auren, kotun ƙoli ta yanke 1879 cewa addini baya kare mai mata biyu, aka dinga ɗaure maza, dokar 1887 ta bada damar ƙwace dukiyar cocin. Sai 1890 shugabansu Wilford Woodruff ya sanar an daina. 1896 Yuta ta zama jiha. Yanzu wanda ya ƙara aure korarsa suke. Waɗanda kika gani a talabijin 'yan ɓallewa ne da suka ce su basu yarda da sokewar ba, shugaban babbar ƙungiyarsu Warren Jeffs yana ɗaurin rai da rai a Texas tun 2011 saboda lalata ƙananan yara da sunan aure.

Abu Sumayya:
To kun gani. Gwamnati ta matsa, wahayi ya sauka. Wane irin wahayi ne mai jiran takardar kotu?

Maman Nana:
Malam na taɓa yiwa maƙwabciyata kusan wannan tambayar cikin raha. Ko a jikinta, tace ai amfanin annabi mai rai kenan, Allah yana magana daidai da zamani. Su duk shugaban cocin annabi suke ce masa, da manzanni 12 a ƙarƙashi, in ya mutu wanda ya fi daɗewa a manzanci ya hau. Shi yasa kullum tsoho ne tukuf, Russell Nelson da ya rasu Satumba 2025 shekararsa 101, likitan zuciya ne, yanzu Dallin Oaks ne. Nelson ɗin ne ma a 2018 yace a daina ce musu Mormon, shi yasa samarin suka jero maka dogon suna.

Baban Khalifa:
Abu Sumayya ajiye tambayarka nan, ga ta biyu tana zuwa wadda ta shafe mu kai tsaye. Daga 1852 zamanin Brigham Young har zuwa Yuni 1978 baƙar fata ɗan asalin Afirka baya zama firist a cocin nan, baya shiga ibadun haikali. Kuma ka tuna a wajensu kusan duk namiji daga ƙuruciya firist ne, ba wani babban muƙami bane, wato yaron Bature ɗan shekara 12 yana da abinda dattijo baƙi bashi dashi. Hujjar da suka dinga bayarwa wai la'anar Ƙabila ɗan Annabi Adamu ce, wasu suce rayukan baƙaƙe ne basu yi ƙwazo ba kafin a haife su. Abin mamaki zamanin Smith kansa an naɗa wani baƙi Elijah Abel a 1836. Da zanga-zanga tayi yawa a Amurka, ƙungiyoyin wasanni suna ƙin karawa da jami'arsu ta BYU, ga haikali ana ginawa a Barazil inda ba mai iya rantsuwa jininsa ba baƙi a ciki, ga wasiƙu daga Afirka ta Yamma, sai shugaban cocin Spencer Kimball ya sanar wahayi ya sauka an ɗage. A 2013 suka fitar da bayani cewa sun barranta daga waɗancan hujjojin. Barranta fa, ba neman gafara ba.

Ɗan Agege:
Tsaya Malam. Wato samarin nan biyu da suka zo shagona, da kafin 1978 ne ba zasu maƙala wannan allon na Elder ba?

Baban Khalifa:
Ko kusa. Elder ɗin muƙamin firist ne.

Alhaji na Kumasi:
Assalamu alaikum yarana, jikana ne ya nuna min hirar nan nace bari in faɗi wanda na gani. Mu nan Gana mun san su tun da daɗewa. Akwai wani Billy Johnson, tun 1964 ya samu littafin ya karanta ya fara wa'azi da kansa, ya tara jama'a a Cape Coast da kewaye da sunan cocin alhali cocin bata san da zamansu a rajista ba, shekara 14 yana jira sai ƙarshen 1978 aka zo aka yi masa baftisma. Sannan zamanin Rawlings, Yuni 1989, muna zaune aka faɗa a rediyo an hana su aiki su da Shaidun Jehobah, aka ba Turawansu sati ɗaya su bar ƙasa, 'yan sanda suka sa kwaɗo a cocinansu. A gari ana ta cewa 'yan leƙen asirin Amurka ne kuma suna raina baƙar fata. Akwai wani maƙwabcin rumfata a kasuwa ɗan cikinsu ne, a ɗakinsa suka koma yin ibada shi da matarsa da yara, ban taɓa jin ya zagi gwamnati ba. Shekara ɗaya da rabi aka buɗe musu ƙarshen 1990. Da muka ɗauka sun watse ashe ƙaruwa zasu yi, 2004 suka buɗe haikali a Akra, daga baya har na nan Kumasi aka sanar.

Baban Khalifa:
Baba Alhaji Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, wannan shaidar gani da ido tafi ta littafi. Najeriya ma haka akayi. Tun kafin 'yancin kai mutanen kudu maso gabas ke rubuta wasiƙa Salt Lake a turo musu littattafai, suna kafa coci da sunan. An turo wani LaMar Williams 1961 ya duba, yaga dubban mutane, aka shirya buɗe mishan. Sai wani ɗalibin Najeriya a Kalifoniya ya gano maganar wariyar ya rubuto wa jaridar Nigerian Outlook a 1963, gwamnati ta hana biza, daga baya yaƙin basasa ya zo ya rufe maganar. Wani malamin makaranta Anthony Obinna a yankin Mbaise yace yayi mafarkin wani dogon gini, daga baya ya ga hotonsa a tsohuwar mujallar Reader's Digest ashe haikalin Salt Lake ne. Ya dinga rubutu ana ce masa ya jira, har Nuwamba 1978 aka yi masa baftisma a rafi. Yau suna da haikali a Aba tun 2005, mabiya sun haura 200,000 a Najeriya, an sanar da na Legas da Benin da Abuja. A duniya suna cewa sun haura miliyan 17, ko da yake wannan na rajista ne ba masu zuwa coci ba.

Abu Sumayya:
Ni wannan ne ya fi ɗaure min kai wlh. Mutum yace kai la'ananne ne saboda fatarka, kai kuma kana rubuta masa wasiƙa shekara da shekaru kana roƙo ya karɓe ka.

Ɗan Wusasa:
Da yawansu da farko basu san da dokar ba, ƙasida kawai suka gani. Kuma ka duba zamanin, kowa na neman cocin da ba na Turawan mulkin Ingila ba, ga kuma sunan Amurka, ana hangen makaranta da asibiti. Ba duka ne don Allah ba, ba kuma duka ne don abin duniya ba.

Maman Nana:
Akwai wani Inyamuri ɗan cocin da maigida ya sani a nan, ya taɓa zuwa mana cin tuwo. Shi cewa yayi abinda ya kama babansa maganar kakanni ce, mishan na farko sun ce musu iyayenku da suka mutu kan gargajiya sun hallaka, waɗannan kuma suka zo suka ce a'a kawo sunayensu akwai hanya. Da maigida ya tambaye shi 1978 shiru yayi ɗan lokaci sannan yace abin yana damunsa har gobe amma ba zai fita ba. Ban san me zan ce masa ba na ƙara masa miya.

Sarkin Zolaya:
To kuɗin fa? Naji ance sun fi wasu ƙasashe kuɗi

Baban Khalifa:
Ba ƙarya bane. 2019 wani tsohon ma'aikacin asusun jarinsu ya fallasa cewa sun tara wajen dala biliyan 100, a 2023 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta ci su tarar dala miliyan 5 saboda sun ɓoye girman jarin a bayan kamfanonin bogi. Suna bada agaji sosai ba'a musu, amma ni abinda ke tsaya min a rai mai sayar da garin kwaki a Aba ma sai ya cire kashi goma kafin ya samu takardar shiga haikali. A siyasa ma ba baya bane, saura ƙiris ɗan cocinsu Mitt Romney ya zama shugaban Amurka a 2012 da Obama bai kada shi ba.

Ɗan Agege:
Kai jama'a na gode, na sha karatu. Ni dai ba zan kore su ba don yaran suna da ladabi, ɗan Ganan ma yace min shekara biyu zai yi nan ba albashi, wayar ma ɗaya suke rabawa su biyu. Amma zan tambaye su maganar 1978 inji da bakinsu, musamman na Akwa Ibom ɗin.

Abu Sumayya:
In dai sai ka zauna dasu to ka nemi fassarar Alƙur'ani ta Turanci ka basu, littafi da littafi. Kuma kar ka yarda su yi maka addu'a a shago.

Maman Nana:
Zasu karɓa kuwa, basu da wannan matsalar. Amma Yaya ka tambaya a hankali, yara ne 'yan shekara 19 zuwa 20, wani ma sai a bakinka zai fara jin rabin abinda Malam ya faɗa.

Ɗan Agege:
To Anti me zan basu tunda shayi ya haramta? Kunya nake ji baƙo ya tashi bai sha komai ba.

Maman Nana:
Zoɓo ko kunun aya, duk suna sha. Milo ma ya halatta in dai ba'a jefa ganyen shayi a ciki ba, ka ja kunnen mai shayin don hannunsu ya saba.